Hirar Da Ta Salwanta A Hanyar Gwaram

Ina aji biyu na babbar sakandare aka ɗebe mu daga Gwaram zuwa Birnin Kudu don mu ga duwatsun tarihi. A Dutsen Habude na fara ganin zanen shanun nan marasa tozo da mutanen dā suka bari a jikin dutse. Mai zagayawa da mu ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falale, sai ga sauti ya tashi kamar an buga kuge. Ya ce wani Bature mai suna Bernard Fagg ya yi nazarin waɗannan duwatsu a 1955, ya rubuta abin da ya gani, shi ya sa har masanan ƙasashen waje suka san da su. A mota muna komawa gida ƙawayena na ta waƙa, ni kuwa tambaya ɗaya ke cin raina: duwatsun a ƙasarmu suke, me ya hana ɗaya daga cikinmu ya rubuta labarinsu?

Wannan tambayar ce ta kai ni karatun tarihi a jami'a. Na fita da sakamako mai kyau, bayan hidimar ƙasa aka ɗauke ni ƙaramar malama, na shiga digiri na biyu. A lokacin gani nake na gama iya bincike, tunda ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Da na fara aikin tattara bayanai, sai aka haɗa ni da wata tsohuwa a Birnin Kudu, kowa Iya yake ce mata. Na same ta a zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, yanzu har duwatsun ma karatunsu ake yi? To, matso kusa, kunnena ya yi nauyi."

Kusan awa biyu Iya tana magana. Ta ba ni labarin yadda a ƙuruciyarsu 'yan mata kan raka amarya wajen dutsen kafin a kai ta ɗakin miji, da yadda ake kaɗa shi, da wanda ke gaba da wanda ke baya. Har ta rera mini waƙar da suke yi, muryarta na rawa. Ni dai na kunna waya na ajiye a gabanta, na naɗe hannu ina jin daɗi. Ko biro ban fitar daga jaka ba.

Da yamma na hau mota zuwa Gwaram. Ina sauka na laluba jaka, babu waya. Ko a tasha ta faɗi, ko wani ne ya zare, Allah kaɗai ya sani.

Da na koma jami'a na kai wa malamin da ke duba aikina kuka. Bai yi faɗa ba. Tambayoyi kawai ya jero mini.

"Malama, ina kwafi na biyu?"

"Babu, Farfesa."

"Ina littafin da kika riƙa rubutawa tana magana?"

Na yi shiru.

"Kin rubuta cikakken sunanta, da unguwarsu, da ranar da kuka yi hirar? Kin nemi izininta kafin ki ɗauki muryarta?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce in koma in sake. Aikin koyarwa da gyaran takardun jarrabawa suka riƙe ni, na yi ta cewa gobe, jibi. Sai bayan damina na samu zuwa. Jikarta ce ta tare ni a zaure, ta ce Iya ta rasu wata biyu da suka wuce. Allah ya jiƙanta da rahama. Baiti biyu kacal na iya tunawa daga waƙar, su ma ban tabbatar da jerinsu ba. Har yau ban samu wanda ya san sauran ba.

A shekarar ce aka tura mu, mu ƙananan malamai, bitar kwana uku kan dabarun aikin bincike. A dā irin wannan taro ɓata lokaci nake ɗaukarsa. Wannan karon a layin gaba na zauna. Abin da ya ba ni kunya shi ne, babu wani abu mai wuya a cikin abin da aka koyar. An ce ka rubuta rana da wuri da suna kafin ka yi tambayar farko. Ka faɗa wa mutum abin da za ka yi da maganarsa, ka jira ya amince. Ka ajiye kowane bayani a wuri uku, ɗaya daga ciki a intanet, tun kafin ka kwanta barci a ranar. Da na san wannan wata shida kafin nan, da muryar Iya tana nan.

An kuma koya mana rubuta takardar neman tallafin bincike, da lissafa kuɗin mota da na masauki da na buga takardu dalla-dalla. Hukumar TETFund tana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati su ƙaro karatu, su halarci tarukan masana, tana kuma ba da kuɗin bincike. Amma kuɗin ba ya zuwa wa wanda ya kasa bayyana abin da zai yi da shi a rubuce. Haka ƙarin girma a jami'a: sai an ga abin da ka wallafa.

A rana ta ƙarshe aka ce kowa ya bayyana bincikensa cikin minti uku, yadda wanda bai san fannin ba zai gane. Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya ce ta fara irin wannan gasa a 2008, yanzu ta bazu a duniya. Na tashi da manyan kalmomi a baki, lokaci ya ƙare ban kai ga duwatsun ba. Sai da na gwada a gida a gaban mahaifiyata sau huɗu, ranar da ta ce, "Yauwa, yanzu na gane abin da ke kai ki Birnin Kudu," sannan na san na iya.

Ƙannena, na san da yawanku kuna burin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Bayero. Ku dage da karatun jarrabawa, don shi ne ƙofa. Amma bincike sana'a ce kamar ɗinki ko ƙira, hannu ne ke koyonta, kuma ba sai an shiga jami'a ake farawa ba. Rubuta sakamakon gwaji a ɗakin kimiyya yadda ya fito, ba yadda na kusa da kai ya samu ba, bincike ne. Tsayawa a ƙungiyar muhawara ka yi bayani a gane, shi ma horo ne.

Ga aikin da zan ba ku a hutun nan. Ku sayi littafin rubutu guda. Ku je wajen kaka ko wani dattijo a unguwarku, ku gaishe shi, ku nemi izininsa. A saman shafi ku rubuta rana da sunansa da sunan unguwa. Ku tambaye shi yadda ake biki ko noma ko cin kasuwa a ƙuruciyarsa, ku rubuta yana faɗa. Da daddare ku kwafe a wani littafin, ku ba wani ya ajiye muku.

Kuma kada ku ce sai bayan damina.