A Fara Tambayar Agogo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bisa wani abu da na ga yana cinye wa samarinmu kuɗi da barci. Ni dai akawu ne, ba injiniya ba, amma na daɗe ina taɓa wannan sha'ani in na tashi daga ofis.

Abin da na ke nufi shi ne rediyon nan da manhaja ke sarrafawa. Wanda bai san shi ba, 'yar na'ura ce, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, a kan soka ta a jikin kwamfuta, a ɗaura mata eriya. Asalinta don kallon talabijin aka ƙera ta. A shekarar 2012 wani mutumin ƙasar Finlan, Anti Palosari, da waɗansu masana suka bayyana cewa ƙwayar da ke cikinta, mai suna RTL2832U, tana iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen abin da eriya ta kamo, ba tare da ta taɓa shi ba. Daga nan sai lissafi ya karɓi aikin da ƙarafa ke yi a tsohon akwatin rediyo. Da yawancinsu mutum yana iya jin abin da ke tsakanin megahaz 24 da wajen 1,700, watau gidajen rediyo, da jiragen sama, da taurarin ɗan adam. (Ban ce duk abin da kunne ya iya kaiwa ya halatta a saurara ba. Kowa ya bi dokar ƙasa, ya bar wa mutane asirinsu.)

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya sayi na'ura, ya kunna, ya kama gidan rediyon garinsu sarai, ya yi murna. Ya nemi wata siririyar tasha da ya ga lambarta a rubuce, ya tarar babu ita a wurin, ko kuwa ya same ta a gefe, jim kaɗan ta sulale. Sai ya ce manhaja ta lalace. Ya share, ya sake zubawa, ya kwana yana sauya umarnin da ya rubuta. In ya gaji ya jefar da na'urar ya ce jabu ce. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Galibi laifin yana wurin agogo.

Masu karatu za su ce, wane agogo kuma a cikin rediyo? Akwai wani ɗan ƙanƙanen dutse a ciki, irin ƙanƙarar dutsen nan da a ke sa wa agogon hannu, wanda in wuta ta bi ta kansa sai ya riƙa kaɗawa. Na cikin wannan na'ura an yanka shi domin ya kaɗa sau 28,800,000 a daƙiƙa ɗaya. Da wannan kaɗawa na'urar ke auna kome. In ka ce mata ta je megahaz 100, ba ta da wata hanya ta sanin inda 100 ta ke sai ta ƙirga daga dutsen nan. Shi ne mudunta. Kowa kuwa ya san in mudu ya yi ƙanƙanta, ko mai awo waliyyi ne buhu ba zai cika daidai ba.

Kuskuren dutsen da kashi cikin miliyan a ke faɗinsa. Na masu araha ya kan kai gommai. Mu ɗauka kashi 50 ne cikin miliyan. In agogon bango ne ke da wannan kuskure, daƙiƙa huɗu da 'yan kai kaɗai zai ɓata a yini da kwana, ba wanda zai makara salla ko ofis saboda shi, har ma a yabe shi. Amma a megahaz 100 wannan kuskure ya zama kilohaz 5, a megahaz 1,000 ya zama kilohaz 50. Gidan rediyon FM faɗinsa ya kusa kilohaz 200, don haka ko an kauce da 5 ba a ji. Amma akwai tashoshin magana da kilohaz 12.5 kaɗai ke tsakanin ɗaya da ɗaya. Nan fa a megahaz 400 kuskuren ya kai 20, ka nemi gidan wane ka faɗa gidan maƙwabcinsa. Wannan kuwa ita ce shaidar da ba ta ƙarya: in kaucewar tana ƙaruwa gwargwadon yadda ka ke hawa sama, ta ninka in lamba ta ninka, to, ka bar manhaja ta huta.

Har wa yau dutsen ba ya tsayawa bisa kuskure ɗaya, gama zafi yana sauya kaɗawarsa. Na'urar da kanta ta kan ɗau zafi in an kunna ta, shi ya sa tasha ke tafiya a hankali cikin mintocin farko, kāna ta tsaya. Mu da ke wannan ƙasa abin ya fi damunmu bisa waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da mu ke karantawa. Awon da ka yi da asubar hunturu, kana lulluɓe da bargo, kada ka dogara da shi da azahar ta watan Afrilu a ɗakin kwano, sa'ad da zafi ya haura digiri 40. Ni dai al'adata in kunna, in tafi in yi alwala in sha shayi, sai bayan kamar minti ashirin in zo in auna.

Da me za a auna? Tilas da mudun da ya fi naka gaskiya. Akwai 'yar manhaja mai suna rtl_test da ke gwada dutsen na'ura da agogon kwamfuta, amma ita ma kwamfutar dutse ne a cikinta, watau ka kira shaida wanda shi ma yana bukatar shaida. Abin da ya fi, ga shi nan tsaye a kowace unguwa tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Ƙa'idar GSM ta wajabta wa turakun sadarwa kada kuskurensu ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan ashirin, kuma kowane turke ya kan saki wani tsararren sauti a kai a kai domin wayoyin hannu su daidaita kansu da shi. Manhajar kalibrate-rtl tana sauraron wannan sauti a wajen megahaz 935 zuwa 960, ta gaya maka kuskurenka. Ka rubuta lambar a takarda ka manna a jikin na'urar, gama kowace da tata, ko da rana ɗaya aka ƙera su. Sa'an nan ka sa lambar a gurbin da manhaja ta tanada domin gyara.

Mai hali ya nemi wadda aka sa wa dutse mai rama wa zafi, da a ke rubuta wa TCXO, kuskurenta ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan. Sai dai a yi hattara. Wani ɗan makaranta ya kawo mini tasa, an buga mata waɗannan haruffa da kyau a jiki, ya biya kuɗin mai kyau, muka auna muka tarar tana yawo kamar ta kowa. Kuɗin da ya tara na wata biyu ke nan. Ina kira ga masu sayarwa su ji tsoron Allah. Manyan na'urori kuwa, irin su HackRF One, suna da ƙofar da a ke shigo musu da kaɗawa ta megahaz 10 daga waje, daga akwatin da ke karɓar lokaci wurin taurarin GPS. Su taurarin agogon atam ke cikinsu, daƙiƙa kanta kuwa tun 1967 aka yanke cewa ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta ƙwayar sisiyam. Ka ga isnadi ya kai inda ya kai.

Akwai wata matsala ta biyu da ta fi wannan ruɗa mutane, ita ma ta agogo ce. Dutsen nan shi ne kuma ke ƙayyade yawan awon da na'ura ke aika wa kwamfuta. In ka nemi 2,400,000 a daƙiƙa, alhali kuskurensa kashi 50 ne, to, 120 ke ƙaruwa ko raguwa kowace daƙiƙa. Sashen kwamfuta mai fitar da sauti kuwa yana da nasa dutse dabam, yana jiran 48,000 a daƙiƙa bisa nasa ƙidaya. Duk akawu ya san wannan hali. Mutum biyu, ɗaya yana rubuta takardu yana ajiyewa a tire, ɗaya yana ɗauka yana shigarwa a littafi. In na farko ya fi sauri ko da ƙanƙane, wata rana tire zai cika takarda ta faɗi ƙasa, in kuwa na biyu ya fi sauri zai zauna hannu sake. A rediyo wannan shi ne ɗan ƙas ɗin da a ke ji loto loto, lissafi kuwa lafiyarsa lau. Masu aiki da GNU Radio, wadda Erik Bulosom ya fara a 2001, za su ga haruffan aU suna fitowa in sauti ya yanke wa kwamfuta. Magani shi ne a sa manhaja ta riƙa duban tiren, tana ɗan miƙa awon ko tana ɗan tauye shi.

Ban ce rubutun umarni ba ya laifi ba. Yana yi, amma kamanninsa dabam ne. Na'urar tana ba da lambobi daga 0 zuwa 255, wanda ya manta ya ɗebe 127.5 daga kowace zai ga wani dogon tsini a tsakiyar allo, duk inda ya juya yana nan. Awon kuma biyu biyu ya ke zuwa, wanda ya musanya na farko da na biyu zai ga tashar da ke sama ta koma ƙasa, kamar a madubi. Waɗannan ba su damu da zafi ba, ba su ƙaruwa da hawa. Haka nan hayaniyar da cajar waya mai araha da injin canza wutar sola ke zubawa, a kashe su ɗaya ɗaya a ga wanda ya yi shiru da ita.

Roƙona ga malaman kimiyya na makarantunmu shi ne, wanda ya sami irin wannan na'ura ya sa yara su auna kuskurenta da safe, da azahar, da dare, har mako guda, su rubuta zafin ɗaki a gefen kowane awo. In wani malami a Sakkwato da wani a Jos suka yi haka suka aiko wa Edita, ni ma zan aiko da nawa na Zariya a gwada.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.