Marayan Karkanda

Ƴan uwa, cikin namun daji babu wanda labarinsa ke tsaya mini a rai kamar karkanda, ko da yake a hoto kawai na san shi. Uwar takan ɗauki ciki wata 15 zuwa 16, ta haifi ɗa guda, ya yi shekara biyu ko uku yana bin ta. In mafarauta suka harbe ta suka sare ƙahon, ɗan ba ya nisa. Sau da yawa kusa da gawar ake tsintarsa, ƙishirwa ta galabaitar da shi.

Daga nan fa aiki ya soma. A gidajen renon marayun dabbobi na Kenya da Afirka ta Kudu, ma'aikaci ne ke zama uwa. Madara a kwalba dare da rana. A lulluɓe shi da bargo, a kwana kusa da shi, don kaɗaici na iya sa ya ƙi ci. A shafa masa laka saboda rana da ƙwari. Mafi wuya, bayan duk wannan shaƙuwa sai an raba shi da sabon mutane, in ba haka ba ranar da ya koma daji zai tarbi maharbi kamar ɗan gida.

Duk a kan me? Ƙahon nan, abin da ke cikin farcenmu da gashinmu shi ne a cikinsa. Amma a Biyetnam da Sin ana sayensa da tsada, wai magani. A 2014 kaɗai an kashe karkanda 1,215 a Afirka ta Kudu.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. Baƙin karkanda na yamma a arewacin Kamaru ya yi saura, a 2011 aka bayyana ya ƙare a duniya. Maƙwabciyarmu Cadi ta kawo shida gandun dajin Zakuma a 2018, huɗu suka mutu cikin ƴan watanni. Ashe maido da abin da ya tafi ba wasa ba ne.

Shi ya sa nake ganin tsare uwa ya fi renon maraya. Mu ma muna da amana: raƙuman dawa na Kure. A 1996 ba su wuce 50 ba, yau sun kai ɗaruruwa, don manoman wurin sun yarda su zauna da su. Mu da ke karatu, in mun koma ƙauye hutu, wannan maganar ya kamata mu kai gida.