Baba da Lasifika Shida

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata ba wani babban al'amari ba ne a idon mutane, amma ni ya hana ni sukuni. Mahaifina, wanda ya haura shekara 70, ya daina zama da mu a falo bayan sallar isha'i. A da shi ne farkon shimfiɗa buzunsa gaban talabijin, a kalli labarai yana ta sharhi a kan gwamnati, in an sa tafsiri ya riƙa tsawata wa jikoki su natsu. Sannu a hankali sai ya fara yawan cewa "me ya ce?" har ya gaji da tambaya, mu ma, Allah ya yafe mana, muka gaji da maimaitawa. Daga nan sai ya riƙa shigewa ɗaki da carbinsa.

Ni kuwa a wautata na ɗauka ƙarar talabijin ce ta yi kaɗan. Na tara ɗan abin da na tara, na shiga gari don sayen na'urar nan mai lasifika shida wadda ake rubuta wa 5.1 a jikin kwali, wato ƙananan lasifikoki biyar da babba guda ta rugugi, wadda masu gyara ke kira wufa. Allah ya taimake ni na tafi da wani ƙanen abokina mai gyaran rediyo, don ba don shi ba da na faɗa rami biyu a rana ɗaya. Mai shagon farko ya nuna mini wata mai walƙiya an rubuta mata wat dubbai da haruffan PMPO. Yaron ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, wannan lissafin talla ne kawai. Ka nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai." Da muka duba, abin bai taka kara ya karya ba. A shago na biyu na ƙyalla ido a kan wata tsohuwa mai nauyi da aka kawo daga Amurka, ga araha. Ya juya bayanta ya nuna mini 120. Wutarmu a nan Ghana 230 ce, in ka jona ta kai tsaye sai dai hayaƙi. Muka sayi wata matsakaiciya da ta dace da wutarmu, muka biya Zongo Lane muka auno waya.

To, a nan ne na yi aika-aika. Yaron ya ce zai zo ya haɗa mini bayan kwana biyu, ni kuma ɗoki ya hana ni jira. Na jera biyar ɗin reras a kan kabad ɗin talabijin, tsakanin furen roba da hoton aurenmu, kamar yadda nake gani a gidajen mutane a zango. Wufa kuwa na tura ta kusurwa, jikin bangon da ya raba mu da maƙwabci. Na murɗa ƙara, na je na kamo hannun Baba. Ya zauna bai fi minti goma ba ya tashi, ya ce, "Kai yaro, wannan ai luguden daka ne. Da ina jin rabin magana, yanzu ko rabin babu." Da gari ya waye maƙwabcina ya yi sallama, muka gaisa, sa'an nan ya ce, "Malam, don Allah a duba mana. Jiya jaririyarmu ba ta runtsa ba, har kwanuka rawa suke yi." Wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san nauyin irin wannan magana. Shekara takwas muna tare, ko cacar baki ba mu taɓa yi ba. Uwargida ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, na kuwa fahimta.

Da mai gyara ya zo ya ga jerin da na yi, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kowace lasifika da aikinta, kuma wurin da ka ajiye ta rabin aikin ne. Ta tsakiya ita ke ɗauke da yawancin magana. Biyu na gaba, dama da hagu, su ke da kiɗa da faɗin fili. Biyu na baya ba su da aiki sai iska da ruwan sama da hayaniyar kasuwa. Ni kuma na danna wani maɓalli da ke watsa sauti iri ɗaya ga dukkansu, shi ya sa murya ta dagule.

Daga baya na bi diddigin abin, na tarar daga gidajen silima ya samo asali. Kamfanin Dolby ya kawo tsarin sauti mai kewaye cikin gidaje a 1982, ya fito da Pro Logic a 1987, wanda ke tsamo murya ya kai ta lasifikar tsakiya. Tsarin 5.1 na Dolby Digital ya bayyana a silima a 1992, faifan DVD da ya fito a 1996 ya yaɗa shi a gidaje. Wannan Pro Logic ɗin shi ne ya fi mana amfani, domin labarai da tafsiri da muke kallo ba a ɗauke su da hanya shida ba, ɗaya ce ko biyu, sai na'ura ta raba.

Muka ari tef ɗin awo na ɗinkin uwargida muka duƙufa. Ƙa'idar biyu na gaba ita ce digiri 30 dama, 30 hagu daga inda mutum ke zaune. Kada lissafi ya tsorata ku: tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa wurin zama, shi ke nan. Mu mita biyu da rabi muka samu. Na baya ana son su a wajen digiri 110, wato a gefe, ɗan baya da kafaɗa kaɗan, sama da kunne. Falonmu ƙarami ne, doguwar kujera manne take da bango, saboda haka muka ɗan jawo ta gaba kamar taƙi ɗaya, muka kafa su a bangon gefe suna kallon juna. A nan aka ɗan kai ruwa rana da uwargida, wadda ta ce ba za a mayar mata da falo shagon gyaran rediyo ba. Gaskiyarta ce. Muka bi da wayoyin ta gindin bango a cikin bututun roba, kuma yaron ya gargaɗe ni in lura ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, don in aka juya guda sauti yakan rame.

Akwai kuma wurin da ake shigar wa na'ura nisan kowace lasifika. Na ɗauka ƙaƙale ne, ashe da dalili. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, kunne kuma yakan bi wanda ya fara iso masa. In ta baya ta fi kusa da kai, sai na'ura ta ɗan jinkirta ta don hankalinka ya tsaya a gaba.

Wufa ce ta ba mu wahala. Kusurwa tana ninka rugugi, bango kuma yana kai shi ɗakin maƙwabci. Amma tun da kunne ba ya gane inda sauti mai zurfi ke fitowa, wanda kaɗawarsa ba ta kai sau 80 a sakan ba, ana iya ajiye ta kusan ko'ina. Dabarar da yaron ya yi ta ba yara dariya: ya ɗora ta a kan kujerar zama, ya yi ta rarrafe a falo yana saurare, inda ya ji rugugin ya fito sumul nan ya ce a kai ta. Muka sa mata soso mai kauri a ƙasa, muka rage ta sosai. Na aika a kira maƙwabcina ya koma ɗakinsa ya saurara, ya dawo ya ce, "Yanzu kam madalla."

Saura Baba. Duk bayanan da ake yi suna cewa lasifika ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune a kujera, alhali Baba bai taɓa yarda da kujera ba, a buzu yake zama. Ta tsakiya kuwa na ɗora ta can sama, tana magana ta bisa kansa. Muka sauko da ita ƙarƙashin talabijin, muka jawo ta bakin katako, muka karkata ta tana fuskantarsa, muka ƙara mata ƙarfi ita kaɗai. Falon tayil ne da bangon siminti, murya na dukan nan ta dawo can, sai uwargida ta fito da babbar dardumar da take ɓoyo don salla da labule mai kauri. Ban zaci tsumma zai yi abin da kuɗi bai yi ba, amma amon ɗakin ya kwanta.

Abin da na gane a makare shi ne, kunnen tsufa sautuka masu siriri yake fara rasawa, irin su "s" da "sh" da "f", waɗanda da su ake bambance kalma da kalma. Murɗa ƙara gaba ɗaya rugugi kawai yake ƙarawa ya binne su. Na kai Baba wurin likitan kunne ya tabbatar da haka, ya kuma ba da shawarar ɗan abin nan da ake sawa a kunne. Baba ya ce shi ba kurma ba ne. Muna nan muna lallashi.

Amma dai ya dawo falo. Ranar Juma'ar da ta wuce aka sa wani fim, ruwan sama ya ɓarke a lasifikokin baya, sai ya waiwaya ya ce wa jikarsa ta yi maza ta kwashe shanya. Da aka gaya masa a fim ne, ya ce in kashe na bayan nan in za a sa tafsiri, shi ta tsakiya ta ishe shi.