Jitar da na hana a huda

Duk wanda ya taɓa riƙe molo ya san in ka ɗora tafin hannu bisa fatarsa, muryar sai ta mutu. Jitar jaz mai ƙwaryar ciki, wadda ake sassaƙa fuskarta ta yi tozo, haka take: itacen fuskar ne ke kaɗawa ya ba da amo. Shi ya sa da ɗana ya ce a huda wadda muka samo masa, a dasa mata na'urar ɗaukar sauti kamar ta makaɗan Agadas, na ƙi. Jitocinsu katako ne dunƙule, huda ba ta cutar da su. Wannan kuwa, in an huda an huda ke nan.

Amurkawa sun daɗe da samo dabara: na'ura mai reto, wadda ba ta zama bisa fuskar. Tun shekarun 1940 DeArmond ke ƙera irinta, kuma a 1961 Gibson ya fito da jitar Johnny Smith, na'urarta maƙale a gindin wuya.

Kafin maganar kuɗi, sai da na sa yaron ya auna ratar da ke tsakanin tsarkiya da itace, don mai kauri ba ta shiga. Saura zaɓi. Mai naɗin waya ɗaya muryarta garau ce, amma tana kwaso gunjin lantarki, wayoyin gidanmu kuwa sai a hankali. Mai naɗi biyu tana kashe gunjin. Ita na zaɓa.

Har yanzu yana ƙunƙuni, wai muryar ta yi kauri. Na ce in ya tara kuɗinsa ya canza, kusoshi kaɗan ne zai kwance.