Lambar da Ba a Bayarwa: Harshe da Tsaron Zaurukan Waya a Bune

Kalmar “lamba” tana cikin kalmomin da suka fi ɗaukar kaya a Hausar yau. Akwai lambar mota, da lambar ɗaki, da lambar ɗalibi a takardar jarrabawa, da lambar yabo da ake maƙala wa soja a ƙirji. Masana da dama suna ganin daga Ingilishi aka aro ta, sannan ta yi ta faɗaɗa har ta rungumi kusan duk wata alama da ake gane abu da ita. A ilimin ma'ana wannan ba sabon abu ba ne, domin haka kalmomin aro suke yi idan suka sami wurin zama. Amma tun da wayar salula ta shiga ƙauyukanmu, faɗin ma'anar nan ya fara jawo wa mutane asarar kuɗi da ta mutunci. A ganina, tsaron asusun hira a waya, musamman a karkara, magana ce ta harshe kafin ta zama ta na'ura, don haka tana cikin hurumin ɗaliban kimiyyar harshe.

Duk mai amfani da WhatsApp yana hulɗa da lamba iri uku. Ta farko ita ce lambar wayarsa, mai alƙaluma 8 a nan Nijar. Wannan ta kowa ce: ana rubuta ta a ƙofar shago da bayan mota, kuma hana ta ɗan uwa rowa ce. Ta biyu alƙaluma 6 ne da suke zuwa ta gajeren saƙo duk lokacin da aka nemi buɗe asusun mutum a wata waya. Ta uku ita ma alƙaluma 6 ce, amma mutum ne yake zaɓar ta da kansa idan ya kunna tsarin tabbatarwa mai hawa biyu, wanda aka buɗe wa kowa a 2017. Ta farko ana bayar da ita da fara'a, biyun ƙarshe kuwa duk wanda ya bayar da su ya miƙa gidansa. Waɗanda suka yi lakkwal suna rarrabe su da kalmomin da suka aro daga Faransanci, su ce “nimero” da “kod”. A bakin iyayenmu kuwa sunansu ɗaya, lamba.

Ni ɗan Bune ne, a gundumar Gure ta jihar Damagaram. Garinmu tsohuwar cibiya ce ta sarautar Muniyo kafin a mayar da ita Gure, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ta cikinsa a 1852. Ƙasa ce ta tudun rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa, kuma mutanenta ba su saba zama wuri ɗaya ba. Da an gama girbi samari suke watsuwa cin rani, wasu Damagaram, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. Barbarcin Manga ake yi a gidaje da yawa, Hausa a kasuwa da tasha, Faransanci a makaranta da ofis, Larabci a makarantar allo. Abin da ya haɗa waɗannan warwatsattsun mutane a yau shi ne zauren ƴan gari a waya. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, a faɗi farashin hatsi, a yi karo-karon gyaran rijiya ko na jinyar wanda ba shi da hali. Tun da aka shigo da saƙon murya a 2013, wanda muke kira “bokal”, rashin iya rubutun boko ya daina hana kowa magana. Tsoho da tsohuwa suna danna waya su faɗi abin da ke ransu da harshen da suka ga dama.

Wani kawuna, ɗan kasuwar kanwa, shi ne uban zaurenmu. Ɗansa ne ya buɗe zauren, amma da wayar mahaifinsa ya buɗe, don girmamawa. Wata ranar kasuwa wani ya kira shi, ya yi sallama, ya gaishe shi da Hausa mai kyau, ya tambayi iyali da gajiya. Sannan ya ce: “Baba, ana rubuta sunayen shugabannin zauruka ne saboda rabon taimako. Yanzu wata lamba za ta shigo wayarka, ka karanto mini ita in sa ka a ciki.” Kawu yana karanta alƙaluma sarai, domin da su yake lissafin kasuwa, kuma yana karatun ajami, amma ba ya jin Faransanci. Saƙon ya shigo, a ƙarƙashin alƙaluman kuma akwai gargaɗi cewa kada a nuna su ga kowa. Alƙaluman ya iya karantawa, gargaɗin kuwa ya wuce shi. Kafin la'asar asusunsa ya koma hannun mutumin da bai taɓa gani ba.

Duk wanda ya nazarci maganar ɓarawon zai ga cewa bai fasa komai ba. Tun 2016 saƙonnin manhajar suke tafiya a rufe, ba mai iya karanta su a hanya sai wanda ya aika da wanda aka aika wa, kuma wannan rufin bai taɓu ba. Kayan aikinsa sallama ce, da kalmar “Baba”, da kunyar da take hana dattijo tambayar baƙo mai ladabi ko shi wane ne, sai kuma kalmar “lamba” wadda ba ta tayar da hankalin kowa. Da an ce wa kawu ya bayar da makullin shagonsa, da nan take ya kashe waya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan tana cikin kalma ce.

Daga nan saƙonni suka fara isa ga ƴan uwa ɗaya bayan ɗaya, da sunan kawu da hotonsa: wai yana asibiti da mara lafiya, a taimaka a turo dubu hamsin ta wani kamfanin aika kuɗi, zai mayar bayan kasuwa. Mutum biyu suka tura, domin ba wanda yake son a ce dattijo ya roƙe shi ya tsaya bincike. Wadda ta fara tsayawa wata ƴar uwarmu ce da take aure a Damagaram, kuma ba ta taɓa shiga ajin kimiyyar harshe ba. Abu uku ta lura da su. Kawu bai taɓa rubuta mata saƙo ba, murya yake aikowa. Kawu ba ya yi mata Hausa, Barbarci yake yi mata tun tana yarinya. Sannan kawu ba ya ƙidaya kuɗi da “dubu”. Kamar sauran ƴan kasuwarmu, da dala da jaka yake lissafi, jaka hamsin zai ce. Sai ta aika gaisuwa da murya, da Barbarci. Amsa ta dawo a rubuce, da Hausa, wai rezo ba shi da kyau. Nan take ta kira layin kawu kai tsaye, ta same shi a kasuwa lafiya lau.

Abin da ta yi shi ne abin da muke koyo a darasin karin harshe da na walwalar harshe, wato gane mai magana ta hanyar zaɓin harshe, da zaɓin kalma, da wanda yake yi wa magana. Akwai kuma wani darasi game da bambancin murya da rubutu. Barbarci ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, ba ya kuma rarrabe jinsin namiji da na mace a nahawu, shi ya sa Hausar Bamange da ya koye ta a kasuwa take da shaidar da kunne ba ya kuskurewa. To amma a allon waya kusan kowa yana zubar da ƙugiyar haruffa, Bakano da Badamagare da Bamange duk “kasa” suke rubutawa ko ƙasa suke nufi. Karin sauti da tsawon wasali kuwa dama ba a rubuta su. Rubutun waya yana aske duk alamun da muke gane juna da su, ya bar suna da hoto, waɗanda su ne suka fi sauƙin sata. Wannan ne dalilin da ya sa ɓarawon asusu yake gudun murya. Sai dai ita ma murya ba katanga ce da ba a haurawa ba, domin ana iya sake tura tsohon saƙon mutum, kuma na'urorin kwaikwayon murya suna ƙara ƙwarewa. Abin da ya fi tabbas shi ne kira kai tsaye, da tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa.

Ƙwato asusun bai yi wuya kamar yadda aka zata ba. Tun da layin, wato pis, yana hannun kawu, an sake neman sababbin alƙaluma 6, kuma da shigar da su aka fitar da ɓarawon. Amma ya riga ya kafa tasa lambar ta hawa na biyu, don haka sai da kawu ya jira kwana 7 kafin ya koma ciki. Da ya kafa wannan lambar da kansa tun farko, da alƙaluman da ya karanta wa baƙo ba su isa su buɗe ƙofa ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne zauren kansa. Akwai wasu masu gudanarwa biyu, amma ƙa'idar manhajar ita ce ba a iya cire wanda ya buɗe zaure, sai in shi ya fita da kansa. Girmamawar da aka yi wa kawu ita ce ta sa kujerar da ba a taɓawa ta faɗa hannun ɓarawo na wasu sa'o'i, yana ganin lambobin jama'a, yana da ikon shigo da wanda ya so. Matsalar ta girmi wayoyinmu. Tun a tsarin hira na IRC, wanda Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro a Finlan a 1988, masu zauruka suka yi fama da masu satar suna da masu ƙwace zaure, har aka kafa hanyar yin rajistar suna da ta zaure da kalmar sirri. Abin da ya sauya shi ne yawan jama'a da nauyin abin da ke ciki. Daga 2022 zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1024, wanda ya fi yawan mutanen ƙauyuka da dama a gundumarmu.

A nan ma suna yana da tasiri. Idan muka kira mai gudanarwa “shugaba” ko “uban zaure”, al'ada za ta sa mu miƙa matsayin ga wanda ya fi shekaru, ko da ba ya iya karanta abin da waya take nuna masa. Alhali aikin ya fi kama da na mai gadi da na maga-takarda: tantance mai neman shiga, sauya mahaɗar gayyata idan ta yaɗu, goge saƙon ƙarya, rufe zaure a lokacin rikici ya zama masu gudanarwa kaɗai ke magana. Akwai kuma nauyin doka. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a ta hanyar na'ura. An sassauta ta a 2022, aka sake tsananta ta a 2024. Bayan abin da ya faru, mutanenmu sun raba matsayin gida biyu a sabon zauren da aka buɗe. Kawu yana nan a matsayin uba, shi ake jira ya yanke magana idan an saɓa. Masu riƙon ƙofa kuwa mutum uku ne a garuruwa daban-daban, kowannensu ya kafa lambar hawa na biyu, kuma an yi ƙa'ida cewa ba a tura kuɗi kan rubutaccen saƙo sai an kira. Ba wanda ya ji an rage masa girma, domin kowane matsayi ya sami sunansa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Matsayi irin wannan yana zuwa da aiki, kuma babban ɓangarensa ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ne. Mun saba ɗaukar wannan aiki a matsayin na kwamiti da ƙamus, ana auna kalma da kyawun gininta da tsarkin asalinta. Ina ganin akwai ma'aunin da ya fi waɗannan gaggawa: shin kalmar tana sa mai jin ta ya yi abin da ya dace? “Lambar tabbatarwa” fassara ce mai kyau a takarda, amma tana riƙe da “lamba” a gaba, kuma ba ta gaya wa tsoho cewa abin ɓoyewa ne. “Lambar sirri” ta fi ta, sai dai an riga an saba jin ta a wajen banki da aika kuɗi, don haka wanda aka ce wa “wata lamba za ta shigo” ba zai haɗa su ba. Shawarata ita ce a bar wa lambar waya kalmar “lamba”, a kira alƙaluman da suke zuwa ta saƙo “makulli”, waɗanda mutum yake zaɓa wa kansa kuma “sakata”, domin kowa ya san makulli ba a ba baƙo, sakata kuma daga ciki ake sa ta.

Wannan shawara ce ta ɗalibi ɗaya, kuma kasuwa ce za ta yanke mata hukunci. Da yawa daga cikinmu za mu koma gida hutu, wasu Gure, wasu Mirya, wasu Magarya, wasu Tanut. Kowa yana iya zama wajen mai cajin waya ranar kasuwa ya saurari sunan da mutane suke kiran waɗannan abubuwa uku, ya rubuta, ya gwada “makulli” da “sakata” a kunnen dattawa ya ga ko sun zauna. Masu jin Barbarci da Fulatanci da Tubanci su yi haka a harsunansu, domin gargaɗin da aka yi da Hausa kaɗai zai bar wasu iyayenmu a inda Faransanci ya bar su. Idan muka dawo da abin da muka tattara, malamanmu suka duba, sai a naɗi gajeren saƙon murya na minti ɗaya a kowane harshe, a tura shi zaurukan garuruwanmu kafin samari su fita cin rani na bana.