Wasiƙa daga Khartum kan Kyautar Ƙoda da Zumunci

Mai wannan wasiƙa, wanda zama ya kai shi Khartum da Omdurman, yana son ya bayyana wa iyaye da 'yan uwa na Kano wata ɗabi'a ta mutanen Sudan, wato yadda ɗan uwa ke ba ɗan uwansa ƙoda idan nasa sun daina aiki.

Dashen ƙoda, wato cire lafiyayyar ƙoda daga jikin mutum a sanya wa maras lafiya, ya daɗe a wannan ƙasa, domin tun a 1974 likita Umar Belail ya yi aikin farko a Khartum, kuma a 1978 aka kafa dokar da ta shafi gaɓoɓin jikin ɗan Adam. Daga baya Asibitin Ahmad Gasim da ke Khartum Bahri ya zama babbar cibiyar aikin. Dashen ya dogara ne ga masu rai, galibi 'yan uwa na jini, kuma ba a karɓar ƙoda sai an gwada rukunin jini da dacewar jikin mutanen biyu, an tabbatar ɗayar da za ta rage wa mai bayarwa za ta riƙe shi, kuma ba tilas ko kwaɗayi ne ya kawo shi ba. Malamai ma sun share hanya, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da gaɓa, kamar yadda Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana.

A bakin asibiti ake ganin ƙarfin wannan zumunci, inda dangi ke shimfiɗa tabarma kusa da mata masu sayar da shayi, suna jiran nasu da ke kwance awa huɗu a kan injin wankin ƙoda, wanda ke tace jini a madadinta, kuma a irin wannan zama ake shawarar wanda zai fara zuwa gwaji. Sai dai aikin likita rabin tafiya ne, saboda wanda aka yi wa dashe zai sha maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda kullum har ƙarshen rayuwarsa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya nuna nauyin wannan sharaɗi, domin asibitoci sun rufe, magani ya yanke, masu dashe suka shiga haɗarin rasa abin da ƙane ko uwa ta ba su.

A Kano ma, tun 2002 Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ke yin dashen, don haka abin da ya rage wa mutanen gida shi ne, idan ciwon ya sami wani, dangi su miƙa kansu ga gwaji maimakon neman mai sayarwa, su kuma raba nauyin kuɗin magani a tsakaninsu tun kafin a sa ranar aiki. Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci.