Neman Akwatin Wasiƙa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun iya amsa tambayar rubutun wasiƙa a jarrabawa, amma kaɗan ne suka taɓa riƙe kan sarki a hannunsu. Mu 'yan zamanin wayar hannu ne, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, tun ba a haife mu ba. To, ga abin da ya sa ni na daina ɗaukar wasiƙa darasin aji kawai.

A watan Satumba na 2021 hukuma ta katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. Aka rufe makarantu da kasuwannin mako, motoci suka yi ƙaranci. Lokacin ina ɗan shekara 12, a garinmu, wani ɗan gari a ƙasar Bukkuyum, tsakanin Anka da Gummi. Ana cikin haka ciwon Kakata ya tsananta, ba ta da magana sai a kira mata Baffa, autanta, da ke sana'a a Gummi. Baba ba ya iya barinta, hanya kuwa ba ta yaro ba ce. Ya zaunar da ni, yana faɗa ina rubutawa, muka sa a ambulan. Kaka ta ɗago kai ta ce, "Ku jefa a akwatin gidan waya. Ja ne, yana jikin wani kanti."

Na fita nema. Matambayi ba ya ɓata, in ji masu iya magana, amma samarin bakin hanya dariya suka yi mini, wai akwatin lefe nake nufi? Wani tela ya tura ni wurin mai unguwa, mai unguwa ya tura ni wurin tsohon hedimasta. Na durƙusa na gai da shi. Ya ce, "Ɗana, wa ya tuna maka da wannan?" Ya bayyana mini cewa a da ƙananan garuruwa ba su da babban gidan waya, sai a wakilta wani mai kanti ya riƙa sayar da kan sarki, yana tara wasiƙu a jaka, mota ta zo ta ɗauka. A nan dattawa ke taruwa a karanta musu saƙon 'ya'yansu da suka tafi ci-rani. Ya ce in bi lungun bayan masallaci, in nemi kangon da ke gindin tsamiya.

Sai da na kewaye tsamiyar sau biyu kafin in gan shi, don karan da aka jingina ya rufe shi ruf. Ga shi nan kafe a bango, tsatsa ta cinye jan fentin, rina ta yi gida a bakinsa. Allah Sarki! Na tsaya da ambulan a hannu, na tabbata in na jefa, sai dai gara ta karanta.

Na koma wurin Malam idona ya cika da hawaye. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Biyo ni." Muka tsaya bakin titi har bayan la'asar, sannan wata mota ta ɓullo daga Anka za ta Gummi. Malam ya ce wa direban, "Amana ce, ran tsohuwa ke jiranta." Direban bai san mu ba. Ya karanta sunan da unguwar, ya sa a aljihun gaba, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo.

Rana ta uku Baffa ya yi sallama. Ya kwana biyu yana jinyar mahaifiyarsa, suka yafi juna, sannan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, amin.

Bayan 'yan watanni layuka suka dawo, kowa ya koma kan wayarsa. Amma 'yan'uwana, mu riƙe alƙalami da kyau, mu iya rubuta suna da adireshi yadda baƙo zai gane, mu kuma riƙa tambayar tsofaffinmu tun suna raye. Kuma in wani ya miƙo maka takarda a tasha, kai ta, don ba ka san wanda ke kwance yana jira ba. Allah ya ba Zamfara zaman lafiya.